Gari a Ƙarƙashin Teku, Amma Ko Rigar Gimbiya Ba Ta Jiƙe Ba

'Yar yayata da ke karatu a Samaru ita ta turo min littafin ta waya a tsakiyar damina. Ta san ni da jarabar karance-karance, ta kuma sha jin ina ƙorafin marubutanmu sun maƙale a falo da ɗakin kwana, daga soyayya sai kishi sai rabon gado. "Kawu, wannan daban ne," in ji ta. "A ƙarƙashin teku aka yi shi gaba ɗaya. In ka fara, kai da barci sai gobe." Na ce Allah Ya sa. A daren aka ɗauke wuta a Tudun Wada, ruwa na ta dukan kwano, na jingina da bango na buɗe shafin farko da ɗoki irin na yaron da aka ɗinka wa kayan Sallah.

Shafuka ashirin na farko sun riƙe ni. Wani matashin masunci ne kwalekwalensa ya kife, maimakon ya mutu sai ya farka a masarautar 'yan ruwa, mai ganuwar murjani da fadar lu'ulu'u. Ga gimbiya, ga tsohon sarki da ciwo ya kwantar, ga waziri mai kwaɗayin gadon sarauta. Ba zan kama sunan littafin ko na mai shi ba, don ba rigima ta kawo ni ba, kuma abin da zan faɗa ya shafi littattafai da dama da suka bi wannan turba. A dare na uku na kai ƙarshe, na ajiye wayar ina jin kamar wanda aka gayyata walima, aka dire masa kwano mai ƙyalli, ya buɗe ya tarar da gaya ba miya.

Na kwana biyu ina neman inda gizo ke saƙar. Wurin da na fara kama bakin zaren wani fage ne a tsakiyar littafin. An gaya wa gimbiya za a ba ɗan waziri ita, sai ta ruga ɗaki ta faɗa kan gado, hawaye suka yi ta kwarara har suka jiƙa matashin kai. Na tsaya, na koma baya na sake karantawa. Matashin da ke ƙasan teku tun ranar da aka ɗinka shi, yau hawaye ne suka jiƙa shi? Daga nan idona ya buɗe. Kuyangi na kunna turaren wuta. Waziri na rubuta wasiƙa da tawada, har yana hura ta don ta bushe. Dakaru na sukuwa a kan dawakin ruwa, ƙura na tashi a bayansu. Akwai ma inda aka kawo wa baƙo ruwa a kofi ya jiƙa maƙoshi. Wato fadar wani sarki aka tumɓuke daga tudu, da zaurukanta da dogaranta, aka rubuta "ƙarƙashin teku" a bakin ƙofa, aiki ya ƙare.

Na san abin da za a ce, don 'yar tawa ta riga ta faɗa min: ai almara ce, ba darasin kimiyya ba. Haka ne. Mai ƙaga labari na da ikon ya ce a garinsa wuta na ci cikin ruwa, kuma zan yarda, kamar yadda tun muna yara muka yarda Gizo na magana, yana da mata Ƙoƙi, yana zuwa fada gaisuwa. Sharaɗina ɗaya ne, ya nuna min ya san ruwan na nan. In wuta za ta ci, a gaya min wace irin wuta ce, a hannun wa take, me ake biya kafin a same ta. Siddabarun da aka shirya da gangan daban, mantuwa daban, kuma mai karatu na jin bambancin a jikinsa ko da bai iya faɗa ba. Abin da na gani mantuwa ce. Marubucin ya shiga ruwa a babi na ɗaya, kafin babi na uku ya fito ya shanya kayansa, ya bar mu muna zaton har yanzu a ciki ake.

Ni na ɗan san ruwa, ko da yake teku a talabijin kawai na taɓa ganin sa. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya muka saci jiki muka tafi wanka Kubanni, bayan an kwana ana ruwa. Ƙafata ta zame a kan wani dutse mai gansakuka, na lula. Kunnuwana suka cika da wani gunji mai kauri, ihun abokaina ya koma kamar daga cikin tulu yake fitowa, kuma ban san ta wane gefe yake zuwa ba. Na buɗe ido, ba komai sai laka ja-ja kamar kunun kanwa. Na kai hannu sama, ashe gefe na kai. Gajeren wandona ya yi nauyi kamar an ɗaura min dutsen niƙa. Wani mai lambu a bakin rafin ne ya faɗo ya cafko hannuna. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba, a ruwan da bai fi tsayin mutum biyu ba, amma har yau in na tuna sai na ji sanyin a haƙarƙarina, alhali bulalar da na sha a gida da yamma na manta zafinta tuni. Masuncin littafin nan ya shekara cur a ƙasan teku, ban ji ya ambaci sanyi ko sau ɗaya ba.

Teku kuwa ya fi Kubanni sharri nesa ba kusa ba, kuma abin da masana suka tabbatar game da shi ya ishi mai ƙaga labari jari. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, abin da ke danne jikinsa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin duk iskar da ke kanmu a nan tudu, shi ya sa kunne ke fara zafi tun ba a yi nisa ba. Haske ma cinye shi ruwa ke yi, launi bayan launi. Ja ne ke fara ɓacewa tun a 'yan mitocin farko, sai ruwan goro, sai rawaya, shuɗi ne ke jurewa zuwa ƙasa. Shi ya sa in mai nutso ya yanke a can, jininsa kore-kore yake fita, ko baƙi-baƙi. In an wuce mita 200, ɗan hasken da ya rage bai isa tsiro ya rayu ba. In an kai mita 1,000 kuwa dare ne da gari ba ya wayewa, sai hasken da halittun wurin ke kunnawa a jikinsu kamar maƙesu, har da kifin da ke rataye 'yar fitila a gaban bakinsa don ya yaudari abin da zai ci. Sauti akasin haske ne. A iska yana cin kimanin mita 340 a sakan ɗaya, a ruwa kusan 1,500, ya ninka fiye da sau huɗu ke nan, kuma wannan saurin na cikin abin da ke rikita kunnen ɗan Adam ya kasa gane inda ƙara ta fito, kamar yadda ya faru da ni. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka sara da takobi wahalar banza ce a cikinsa, sai dai suka da mashi. Yana kuma zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. A littafin nan gimbiya na yawo da jar alkyabba a fadar da aka ce tana can ƙarshen zurfi, fadawa na ta yaba jan.

Kada a ce burga ce ta sa na jero waɗannan. Kowane ɗayansu ƙofa ce ta shiga halin mutane. A garin da sauti ke ratsa ko'ina, yaya ake gulma? Yaya waziri zai ƙulla makirci in raɗar da ya yi a soro na iya faɗawa kunnen sarki? Wataƙila a can da hannu ake ƙulla tsiya, a taɓa tafin juna a wuce, kuma wanda ya iya shiru shi ne abin tsoro. A garin da haske ya zama dukiya, talaka na zaune cikin duhu, attajiri na kiwon kifi mai fitila kamar yadda namu ke kiwon dawaki. A garin da ba a ganin hawaye kuma, ta yaya uwa ke gane 'yarta na kuka? Da marubucin ya kwana ɗaya da wannan tambaya kaɗai, da ta haifa masa gimbiya mai rai, domin dole ya nemo mata wata hanyar nuna baƙin ciki wadda ba a taɓa gani a wani littafi ba. Sai an matsa gyaɗa take fid da mai, haka halin mutum a labari. Wurin da ya kamata ya matse mutanen nan an mai da shi labulen ado, saboda haka da marubucin ya tsallake ruwan, sai ya tsallake mutanen tare da shi.

Masu nazarin adabi sun daɗe da sanin wannan ciwo. A 1927 wani marubucin Ingila, E. M. Forster, ya gabatar da jerin laccoci a Kambirij kan ƙagaggen labari, aka buga su littafi a shekarar. A ciki ya raba taurarin labari gida biyu. In zan faɗe shi da kayan gidanmu, akwai tauraro faifai, akwai tauraro tulu. Faifai kallo ɗaya za ka yi masa ka gama da shi. An gina shi kan hali guda, ana iya taƙaita shi a jimla ɗaya, yadda ya shigo labari haka zai fita. Tulu kuwa yana da ciki, yana da bayan da ba ka gani sai ka zagaya. Ma'aunin da Forster ya bayar shi ne, tauraro mai ciki yana iya ba ka mamaki ta hanyar da za ka gamsu. In bai taɓa ba ka mamaki ba, faifai ne. In ya ba ka mamaki amma ba ka gamsu ba, faifai ne ke kwaikwayon tulu. Abin da ake yawan mantawa shi ne mutumin bai ce faifai laifi ba ne. Ya nuna labari na buƙatar irinsu, musamman wajen ban dariya, kuma su ne mai karatu ke saurin ganewa ya riƙe.

Mu ma shaida ne. Tatsuniya kusan duk faifai ce: Gizo wayo, Kura haɗama da wauta, 'yar bora haƙuri, 'yar mowa rashin kunya. Ba wanda ya taɓa tashi daga gaban kaka yana ƙorafin Kura ba ta canza hali ba. Amma tatsuniya minti goma ce, ga muryar kaka, ga tsamin bakin Gizo da take kwaikwayo, ga waƙar da ake amsawa, su ke cike giɓin da labarin ya bari. A takarda babu kaka, kuma marubutan farko sun gane haka. A gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 da Baturen nan Dokta Rupert East ya jagoranta daga nan Zariya, Abubakar Imam ya shigar da Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. Malam Zurƙe na cikinsa ba tulu ba ne. Kullum shi ne dai abokin burmin Alhaji, jarumin littafin, su haɗu a wannan gari ɗaya ya yi wa ɗaya tsiya, su rabu, su sake haɗuwa a gaba a rama. Amma ga shi shekara casa'in ana tuna shi, saboda yana da bakinsa, yana da abin da yake nema a kowane fage, kuma ba ya tsayawa a doke shi don kawai jarumi ya haska. Faifai ne, amma mai launi, wanda gwana ta saƙa. Littafin da na karanta duk gidan faifai ne, har waɗanda aka ɗora wa nauyin labari mai ɗaruruwan shafuka, saƙar ma sakwa-sakwa.

Ɗauki masuncin. An ce mana jarumi ne, mai gaskiya, mai tausayi, kyakkyawa. An faɗa a shafi na biyu, an yi ta maimaitawa kamar kirari. To amma ya bar tsohuwar uwa a tudu wadda ba ta da kowa sai shi, ta tabbata ya mutu, wataƙila har an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ɗan halak wannan zai hana shi sakat. Kowace lomar da ya ci a fada sai ta tsaya masa a wuya. Son gimbiya na ja nan, haƙƙin uwa na ja can, kuma duk wanda ya zaɓa sai ya yi asarar ɗayan. Labarin ke nan a yashe a gabansa kamar kuɗi a kan hanya, marubucin ya taka ya wuce. Sau biyu aka ambaci uwar, na biyun a shafin ƙarshe da ya koma mata da buhun lu'ulu'u ta rangaɗa guɗa. Gimbiya ba ta son komai a duniya sai shi. Kafin ya faɗo garinsu ban san me take yi da ranakunta ba. Ba ta da ƙawar da suke saɓawa, ba ta da ta cewa kan mulkin ubanta, ba ta taɓa yin kuskuren da ya cuci wani ba. Kyau ne aikinta, sai kuka.

Waziri ya fi ba ni haushi, don mugu ne daga rawani har takalmi, kuma ba shi da dalili. Da an ce shekara talatin shi ke riƙe da gari sarki na kwance, shi ya san kowace ɓaraka a ganuwa, sai ga baƙo daga tudu da bai san hawa ba bai san sauka ba za a miƙa masa mulki don gimbiya ta ga dogon hanci, da na ji tsoron wazirin nan, domin da na ga gaskiyarsa. Mu a Zazzau, da gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ba sai an koya mana ba cewa mai neman gadon gidansu ba ya kallon kansa a matsayin mugu. Kowa na da tarihin da yake karantawa, da kakan da yake ganin an tsallake. Wannan kuwa sai shafa gemu yake yi, yana murmushin mugunta, yana tona wa bango asirinsa don mu ji. Ɗansa, wanda ya yi ta zalunci tun farkon littafi, a sakin layi ɗaya ya tuba ya koma bayan masunci, ba abin da ya same shi, ba abin da ya gani. Faifan da ke kwaikwayon tulu ke nan.

Sai salo, wanda a ganina shi da rashin halin taurari uwa ɗaya uba ɗaya suke. An siffanta gimbiya: fara ce sol, doguwa, hanci har baka, idanu dara-dara, gashi kwance har gadon baya. Na san yarinyar nan. Na gamu da ita a littafin da aka yi a Kano, na gamu da ita a na Abuja, yau ga ta da wutsiyar kifi. Gashin ma a cikin ruwa tashi yake yi ya bazu kamar hayaƙi, kuma da an rubuta haka da an sami hoto sabo a kyauta, amma sai aka ɗauko jimlar yadda take a kasuwa. Na fara ƙirga ajiyar zuciya don in ɗebe wa kaina kewa, na gaji na bari. Gaba na ta faɗuwa, ana ta zaro ido, ana ta yin shiru na ɗan lokaci. Irin waɗannan kalamai kujerun haya ne, yau suna gidan biki gobe suna gidan rasuwa, ba su san kowa ba. Akwai kuma Hausar da in ka ƙwanƙwasa ta sai ka ji Turanci a ciki. Zuciyar gimbiya "ta tsallake bugu ɗaya". Wace Bahaushiya ce zuciyarta ta taɓa tsallake bugu? Gabanta ne ke faɗuwa ras, ko hantarta ta kaɗa.

Zance shi ne babban ma'auni. Na rufe sunayen masu magana da yatsa a wani dogon fage, na kasa gane wa ke magana. Tsohon sarki, kuyanga, masunci, waziri, duk murya ɗaya, ta ɗalibin jami'a mai rubuta saƙo a waya. Alhali a kasuwar Sabon Gari ko ido rufe za ka ware Basakkwace daga Bakano, mu kuma Zage-zagi da ake tsokana da "rigan nan" da "mota ne" ba ma ɓuya. Duk wanda ya taɓa faɗuwa gaisuwa a fada ya san sarki ba ya doguwar magana, fadawa ne ke amsawa, "an gaishe ka". Sarkin littafin nan sai ya yi shafi guda yana bayyana yadda yake ji a ransa. Kuma marubucin bai yarda da mu ba. In gimbiya ta juya baya ta fita, sai ya biyo da bayanin cewa ta yi haka ne saboda ranta ya ɓaci, kamar mai ba ka fura yana tsaye a kanka yana gaya maka fura ce.

Abin da ya fi ci min rai ƙarami ne. Masunci ne jarumin, amma kalma ɗaya ya sani, kifi. Kifaye masu launi-launi, manyan kifaye, ƙananan kifaye. Kwanaki na tsaya a bakin Galma wajen wani dattijo da ke ɗinkin birginsa, kwarya a gefensa rufe da ganye. Na ce, "Baba, me aka samu yau?" Ya yaye ganyen. "Malam, tarwaɗa ce da ƙarfasa, sai kurungu biyu. Kada ka sa hannu, ƙayarsa in ta soke ka yau ba ka barci." Ya ɗaga ɗaya ta kai, kifin ya yi wani gurnani ƙurr-ƙurr, ya yi dariya ya ce ƙara yake kaiwa. Kafin in biya kuɗi na ji labarin minjirya da ke girgiza hannun mutum har kafaɗa, da gaiwa da ke binne kanta a laka in rani ya yi, tana cin jikinta har ruwa ya dawo. Minti biyar, na fi sanin mutumin nan a kan jarumin da na kwana uku tare da shi. Masuncin littafi bai taɓa ambaton koma ko fatsa ko gora ko mali ba, bai taɓa kallon wani kifi da idon sana'a ya ce wannan zai yi tsada ba. Kuma ba wanda ya lura da babban abin dariya da ban tsoro da ke cikin labarin: mutumin da ya yi rayuwarsa yana kashe kifi ya farka a garin masu wutsiyar kifi. Kamar mahauci ne ya farka a garin shanu. Me zai ce in an tambaye shi sana'arsa? Me za a ba shi ya ci? Ko sau ɗaya ba a taɓo wannan ba.

Ba na ɗora wa marubucin laifin duka. Yawancin irin waɗannan littattafai a waya ake rubuta su, a sake su kashi-kashi, masu karatu sun biya kuɗinsu suna jiran na yau, in an makara a yi ta ƙorafi. Wanda ake bi bashin shafi kullum ba shi da lokacin da zai zauna ya tambayi kansa yadda ake kuka a ruwa, abin da ke kusa da hannu shi zai ɗauka. Babu kuma mai dubawa. A 1936 sai da aka ɗauko Abubakar Imam aka kawo shi Zariya ya zauna watanni yana aikin Magana Jari Ce, akwai mai karantawa ya mayar masa. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, da ya biyo baya a 1966, duk a garin nan, suna da masu tace rubutu. Ba na cewa zamanin can aljanna ne, Bature na da tasa manufar, kuma littattafai kaɗan ne ke samun fita. Amma matashin da hawaye suka jiƙa a ƙasan teku ba zai wuce teburin farko ba.

Sannan tekun littafin nan na aro ne, daga fina-finai da katun aka kwaso shi, murjani da lu'ulu'u da gimbiya mai wutsiya. Ruwanmu na nan ba a taɓa ba. Muna da 'yan ruwa da iyaye ke tsorata yara da su, waɗanda ake cewa su ke jan mutum in ya nutse. Muna da ayu da abin da masunta ke faɗa a kansa, muna da Sarkin Ruwa da kogin Matan Fada a Argungu, da Sarkawan bakin Kwara. Muna ma da gari na gaske a ƙarƙashin ruwa: tsohuwar Busa, wadda tafkin Kainji ya haɗiye a 1968 bayan an gina madatsa, aka kwashe mutanenta zuwa sabuwar Busa. Gari da fadarsa da kasuwarsa da kushewun kakanni, ruwa ya rufe. Wanda ya rubuta abin da ke zaune a can yanzu ba zai buƙaci aron murjani ba.

Akwai shafi ɗaya da rabi da ya hana ni yanke ƙauna. Masuncin ya ɓata hanya ya faɗa ɗakin wata tsohuwa a bayan gari, wadda aikinta tara kayan mutanen da suka nutse: takalmi wari ɗaya, zobe, carbi, makullin gida. Ta jera su, ta ba kowanne labarin da ta ƙaga masa. Ta miƙo masa kwalin ashana ta tambaye shi amfaninsa. Ya yi ta ƙoƙarin bayyana wuta ga wadda ba ta taɓa ganin ta ba, ya ce abu ne mai ci amma ba shi da baki, ta yi masa kallon maƙaryaci ta karɓe kayanta. A wannan shafin marubucin ya manta da turaren wutan da kuyanginsa ke kunnawa a fada, ya tuna da ruwa. Tsohuwar na magana guntu-guntu, tana katse mutum, tana da rowa, tana da kaɗaici, kuma a nan kaɗai na ji masuncin ya yi kewar gida, da ya tuna murhun uwarsa. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Ranar Asabar 'yar yayar tawa ta zo gaishe mu, na zazzage mata duk wannan tana shan shayi. Ta saurara har na gama, ta ce, "Kawu, kai dai ba a iya maka. Mu fa daɗinsa muka ji." Na ce ban hana ba. Ta ce littafi na biyu ma ya fito, ko ta turo? Na ce ta fara duba min ko tsohuwar nan mai ashana na ciki. Ta ce wace tsohuwa? Na kwatanta mata. Ta ɗauki wayar tana ta gungurawa, shayin na hucewa, har aka kira magariba ba ta same ta ba.